Magudana mai ƙofa: Dabarar da ke hana gona nutsewa da damina, ta kuma rage mata ƙishi lokacin fari

Manomin fadama ya san fuska biyu ta ruwa. A watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, ruwa kan kwanta a gona kwana da kwanaki har masara ta yi rawaya, saiwarta ta ruɓe. Bayan 'yan makonni, idan sama ta ɗauke kafin amfani ya nuna, wannan gonar ce dai za ta daddare, manomi ya koma neman kuɗin man injin ban-ruwa.

Maganin da aka daɗe da sani ga matsala ta farko shi ne a haƙa magudana domin ruwa ya fice. Sai dai magudana ba ta san damina ba, ba ta san fari ba. Muddin bakinta a buɗe yake, za ta ci gaba da janye ruwa, har da wanda shuka za ta nema gobe, tare da takin da manomi ya saya da tsada.

A jihar Karolina ta Arewa da ke gabashin Amurka, masana aikin gona sun shafe kusan shekara 50 suna inganta wata hanya mai sauƙin fahimta: a yi wa magudanar ƙofa, a buɗe ta idan ruwa ya yi yawa, a rufe idan ana buƙatarsa. Daga can dabarar ta bazu zuwa wasu jihohin Amurka da Kanada da Turai, kuma tana da darasi ga masu noman fadama da noman rani a arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Mece ce magudana mai ƙofa?

A ƙarƙashin kowace gona akwai wani zurfi da idan aka haƙa aka kai gare shi za a tarar da ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Shi ne matakin da ruwa ke tsayawa a cikin rijiya. A kan tudu yakan yi nisa ƙwarai, a fadama kuwa yana kusa, da damina ma yakan hau har ya taɓa saman ƙasa.

Saiwar yawancin amfanin gona tana numfashi kamar yadda ganye ke yi. Idan ruwa ya cike duk 'yan kafofin da ke cikin ƙasa, iska ba ta samun wurin shiga, sai saiwar ta shaƙe. Masara da tumatir da wake da barkono ba sa jure hakan fiye da 'yan kwanaki, musamman suna ƙanana. Shinkafa ce ta fita daban, domin tana da hanyar kai iska daga ganye zuwa saiwa.

Aikin magudana shi ne ta saukar da wannan mataki na ruwa ƙasa da inda saiwa take. Iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗiya, wato lambatu ko kwari da ake haƙawa a gefen gona ko a tsakiyarta. Akwai kuma ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ake yi da bututu mai ƙananan huji a jiki, a binne shi a zurfin kimanin mita ɗaya, layi-layi, da tazarar mita 10 zuwa 30 gwargwadon irin ƙasar. Ruwa na tsattsafowa cikin bututun, ya gangara zuwa babbar magudana.

Abin da ake ƙarawa a sabon tsarin shi ne wani akwati na ƙarfe ko siminti ko roba a daidai bakin da ruwan ke fita. A cikin akwatin akwai gurbi da ake jera alluna na katako ko roba, ɗaya kan ɗaya. Ruwa ba zai fita ba sai ya taru ya haura allon da ke sama. Idan manomi ya ƙara allo, matakin ruwan da ke ƙarƙashin gonar zai hau. Idan ya cire, sai ya sauka. Ke nan manomi ne ke yanke shawarar zurfin da ruwa zai tsaya a gonarsa da kuma lokacin da zai tafi.

Me ya sa aka fara a Karolina ta Arewa?

Yanayin ƙasar jihar ne ya jawo hakan. Wanda ya tsaya a titin Wendover, babbar hanyar da ta ratsa birnin Greensboro, zai ga ƙasa ce mai hawa da gangara da jan yumɓu. A nan ruwan sama ba ya kwanciya, damuwar manomi ita ce zaizayar ƙasa. Amma idan aka nufi gabas aka wuce Raleigh, babban birnin jihar, sai ƙasa ta miƙe ta zama shimfiɗaɗɗiya kamar faifai har bakin tekun Atilantika. Yankin na samun ruwan sama sama da milimita 1,200 a shekara, kuma babu gangaren da zai kwashe shi. An ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na gonakin jihar ba sa nomuwa yadda ya kamata sai da magudana.

Tarihin janye ruwa daga wannan yanki tsoho ne, kuma yana da alaƙa mai ɗaci da Afirka. A 1763, George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, yana cikin waɗanda suka kafa kamfani domin busar da babban dausayin Great Dismal da ke iyakar Karolina ta Arewa da Virginia, kuma bayi ne suka yi haƙan. A 1786 wasu attajirai suka kawo mutum 80 kai-tsaye daga Afirka ta Yamma domin su haƙa hanyar ruwa mai tsawon kusan kilomita 10 daga tafkin Phelps zuwa kogin Scuppernong. Da guminsu aka mayar da dausayin gonakin shinkafa da masara a wurin da ake kira Somerset Place, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Magudanar ƙarƙashin ƙasa ta zo daga baya. Wani manomi ɗan asalin Sikotlan mai suna John Johnston ne ya shahara da binne bututun yumɓu a gonarsa da ke jihar New York tun daga 1838. A shekarun 1960 aka samu bututun roba mai araha da injinan binne shi, sai aikin ya ƙara sauri. Ƙidayar aikin gona ta Amurka ta 2017 ta nuna cewa gonakin da ke da irin wannan bututu sun haura hekta miliyan 22.

Yadda koguna suka tona asirin magudanu

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. A shekarun 1970 kogin Chowan da ke arewa maso gabashin jihar ya fara rufewa da gansakuka, kamun kifi ya ja baya. Bincike ya nuna cewa sinadaran taki da ke kwararowa daga gonaki da masana'antu da garuruwa ne ke ciyar da gansakukar.

Yadda abin ke faruwa shi ne, idan aka zuba takin zamani irin su yuriya, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa kan mayar da naitirojin ɗinsa wani sinadari da ake kira naitiret. Shi ne shuka ke sha. Amma naitiret ba ya maƙalewa a jikin ƙasa, yana narkewa cikin ruwa kamar gishiri, duk inda ruwa ya bi sai ya bi shi. Magudana buɗaɗɗiya takan zama hanya mafi sauri da zai bi ya isa rafi. A can sai ya yi wa gansakuka aikin da ya kamata ya yi wa masara. Idan gansakukar ta mutu ta ruɓe, sai ta cinye iskar da ke cikin ruwan, kifi ya rasa abin shaƙa.

Masana biyu na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke Raleigh, Wayne Skaggs, injiniyan aikin gona, da Wendell Gilliam, masanin kimiyyar ƙasa, suna cikin waɗanda suka fara gwada toshe bakin magudana da alluna domin ganin abin da zai faru. Sakamakon da suka wallafa tare da wani abokin aikinsu a 1979 ya nuna raguwa mai yawa a adadin naitiret da ke barin gona. A daidai wannan lokaci Skaggs ya ƙirƙiro wata manhajar kwamfuta mai suna DRAINMOD, wadda ake ba ta bayanin ƙasa da ruwan sama da irin shuka, ta lissafa yadda matakin ruwa zai riƙa hawa da sauka. Har yau ana amfani da ita a ƙasashe da dama wajen tsara magudanu. An yi da yawa daga cikin gwaje-gwajen da suka biyo baya a tashar bincike ta Tidewater da ke kusa da garin Plymouth.

A 1984 jihar ta fara wani shiri na raba kuɗin aiki tsakaninta da manoma domin kare ruwa, kuma akwatunan ƙofar magudana suka shiga jerin abubuwan da ake tallafawa. Bayan miliyoyin kifaye sun mutu a kogin Neuse a 1995, hukumomin jihar suka kafa dokar rage naitirojin da ke shiga kogin da kashi 30 cikin 100, suka kuma amince da wannan dabara a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin da manomi zai cika sharaɗin. Isar da irin wannan ilimi ga manoma aiki ne da malaman gona na jami'ar Raleigh ke yi tare da na Jami'ar A&T da ke Greensboro, wadda aka kafa a 1891 domin baƙaƙen fata, kuma ta fi mayar da hankali kan ƙananan manoma.

Yadda ake sarrafa ƙofar a shekara

Akwatin ba ya aiki shi kaɗai. Amfaninsa ya dogara ne ga sanin lokacin sa allo da lokacin cirewa, kuma a Amurka shekarar takan rabu gida huɗu.

Bayan girbi, lokacin sanyi da gona ba ta da shuka, ana jera alluna har ruwa ya hau zuwa kimanin santimita 30 daga saman ƙasa. A wannan lokaci ne magudanu suka fi zubar da ruwa a banza, saboda haka a nan ake samun mafi yawan ribar kare koguna.

Mako ɗaya zuwa uku kafin shuka, sai a cire allunan duka, ƙasa ta tsane ta yadda tarakta za ta shiga ba tare da ta kafe ko ta danne ƙasar ba.

Bayan shuka ta tsiro ta kafa saiwa, sai a mayar da alluna, a tsayar da bakin fitar ruwa a zurfin santimita 45 zuwa 60. Duk ruwan saman da ya sauka zai tsaya a ƙarƙashin saiwa, danshinsa na hawowa a hankali kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ko aka yi hasashen guguwa, manomi zai gaggauta rage allunan.

Gab da girbi kuma a sake buɗewa domin injin girbi da motoci su samu busasshiyar ƙasa.

Akwai wasu gonakin da ake ƙara mataki ɗaya: a lokacin fari a turo ruwa daga rijiya ko tafki cikin bututun, ya shayar da shuka daga ƙasa. A yanzu kuma akwai akwatuna masu ƙofar da ke buɗewa da rufewa da kanta, wasu ma ana ba su umarni ta wayar salula.

Me aka samu a bincike?

Nazarin da aka tattara daga gonaki da dama na Karolina ta Arewa ya nuna cewa idan aka kula da ƙofar duk shekara, ruwan da ke fita daga gona kan ragu da kimanin kashi 30 cikin 100, naitirojin kuma da kusan kashi 45 cikin 100. Babban dalilin shi ne raguwar ruwan da ke fita, domin idan ruwa bai fita ba, abin da ke narke a cikinsa ma bai fita ba. Dalili na biyu shi ne, a ƙasar da ta jiƙe babu iska, wasu ƙwayoyin halitta kan mayar da naitiret iskar naitirojin da ke komawa sama.

Game da yawan amfanin gona, gwajin shekaru masu yawa a gabashin jihar ya nuna ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 a masara da waken soya, amma ba a ga wani bambanci a alkamar da ake nomawa lokacin sanyi ba. A jihohin tsakiyar Amurka ƙarin bai kai haka ba, wasu shekarun ma babu shi. Dalilin a fili yake: ƙofa ba ta ƙirƙirar ruwa. Ta fi amfani a shekarar da aka yi ruwa sannan aka yi ɗan fari. Idan tun farko babu ruwan da za a tare, babu abin da allo zai yi. Idan kuma shekarar ta cika ruwa, manomin da ya yi sakaci bai buɗe ba zai yi asara.

Ɗan lissafi zai nuna girman abin. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Idan ƙofa ta riƙe milimita 25 da a da zai gudu, ta ajiye wa manomi lita 250,000 a kowace hekta. Masarar da ta fara goyo takan sha wajen milimita 5 zuwa 7 a yini. Ke nan an saya mata kwana huɗu ko biyar, kuma a daidai wannan gaɓa ta rayuwar masara, kwana huɗu na iya raba cikakkiyar zangarniya da mai giɓi.

Batun ya wuce gona ɗaya. Naitiret da ke fitowa daga gonakin masara na tsakiyar Amurka yana bin kogin Misisipi zuwa mashigin tekun Meziko, inda duk bazara ake samun wani yanki da kifi ba ya iya rayuwa. A 2017 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 22,700, wato ya ɗara faɗin jihar Kano. A 2015 hukumar ruwan sha ta birnin Des Moines da ke jihar Iowa ta kai ƙarar hukumomin magudanu na wasu gundumomi uku kan kuɗin da take kashewa wajen tace naitiret, ko da yake kotu ta kori ƙarar a 2017. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada naitiret ya wuce miligiram 50 a kowace litar ruwan sha, saboda haɗarinsa ga jarirai.

Inda dabarar ba ta aiki

Sharaɗi na farko shi ne ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya. Ruwa a kwance yake tsayawa, saboda haka allon da ya dace da ƙasan gona ba zai yi wa samanta komai ba idan akwai gangare. Masana sun fi son gangaren da bai wuce rabin mita ba a cikin kowace mita 100, kuma akwati ɗaya na iya kula da yankin da bambancin tudunsa bai wuce santimita 30 zuwa 60 ba. Wannan ne ya sa tsarin ya karɓu a gabashin Karolina ta Arewa amma bai dace da tuddan da ke kewaye da Greensboro ba.

Sharaɗi na biyu, a samu wani abu a ƙarƙashi da ke riƙe ruwan, kamar shimfiɗar laka ko matakin ruwa da dama can yana kusa. A jigawa mai zurfin rairayi, ruwan zai zurare ƙasa ko da an rufe ƙofa.

Na uku shi ne kula. Alluna na ruɓewa, ciyawa da yashi na toshe akwati, gaɓar lambatu da ta daɗe a jiƙe tana iya zaftarewa. Manomin da ya shiga gona da tarakta ƙasa ba ta tsane ba zai danne ta, ya kuma jawo wa kansa matsalar shekaru.

Darasi daga Masar

Ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama suna da wata damuwar da Karolina ta Arewa ba ta da ita, wato gishiri. Duk ruwan ban-ruwa yana ɗauke da gishiri ko da kaɗan ne. Rana na ƙafar da ruwan, gishirin ya zauna. Idan matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso kusa, danshin da ke hawowa zai riƙa ɗauko gishiri yana ajiyewa a sama, har a wayi gari a ga fari-fari kamar kanwa a kan kunya, shuka ta ƙi tsiro. A irin wannan wuri aikin magudana har da wanke gishirin, kuma rufe ta ba bisa ƙa'ida ba ɓarna ce.

Bayan kammala babbar madatsar Aswan a 1970, Masar ta koma noman duk shekara, matakin ruwa ya hau, sai gwamnati ta shiga aikin binne bututu a gonaki, wanda ya kai sama da hekta miliyan biyu. Amma a yankunan shinkafa na arewacin ƙasar sai aka ga bututun na janye ruwan da manomi ke son ya kwanta. Manoman suka riƙa toshe bututun da tsumma da ciyawa da laka, abin da ya riƙa jawo wa maƙwabta masu auduga da masara ambaliya daga ƙasa. Maganin da injiniyoyin ƙasar suka gwada shi ne raba tsarin gida-gida, kowane rukunin gonaki da ƙofarsa, ta yadda mai shinkafa zai rufe tasa ba tare da ya cutar da mai masara ba. Gwaje-gwajen sun nuna cewa ana rage ruwan da shinkafa ke ci sosai ta wannan hanya.

Me ya shafi manoman Najeriya da Nijar?

Tare ruwa a gona ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Mai shinkafa da ke yi wa fangalinsa gaɓa, ya buɗe da fartanya idan ya cika ya kuma toshe da laka, yana yin wannan aiki ne a saman ƙasa. A yankin tafkin Chadi manoma kan yi wa baƙar ƙasar firgi ƙananan gaɓoɓi domin ruwan damina ya jiƙa ta sosai, sannan su dasa dawar masakwa ta nuna da danshin da ya rage. A jihar Tahoua ta Nijar, ramukan tassa da na rabin wata sun farfaɗo da gonakin da suka zama fako. Abin da tsarin Amurka ya ƙara shi ne awo, da sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani.

Wuraren da batun ya fi shafa su ne manyan filayen noman rani. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 tana shayar da dubban hektoci a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam a jihar Kano. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara ta biyo baya a 1978. A Nijar akwai filayen Konni da na Jiratawa kusa da Maraɗi, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. An gina irin waɗannan filaye da hanyoyin kawo ruwa da kuma na fitar da shi, amma a wurare da dama magudanun sun cike da yashi da ciyawar kacala, wasu an nome su, har ruwa ya riƙa kwanciya, gishiri da kanwa suka fara bayyana. Gyaran magudanu da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa sun kasance cikin ayyukan shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 domin filayen Kano da Haɗeja da Bakolori da wasu.

Wannan na nufin akwai tsari na gaba da gaba. Ba a yi wa magudanar da ta toshe ƙofa. Sai an yashe ta, ruwa ya samu hanya, sannan a yi maganar sarrafa shi.

Ga fadamun da ake nomawa da damina kuwa, lokutan buɗewa da rufewa za su bambanta da na Amurka, domin a nan ruwan shekara gaba ɗaya na sauka ne cikin wata huɗu ko biyar. A farkon damina, lokacin da ruwa kan yi tsaiko bayan shuka, riƙe abin da ya sauka yana da amfani. A tsakiyar damina ƙofa a buɗe take, sai dai ga shinkafa. Daga tsakiyar Satumba, idan ruwa ya fara ja da baya, rufe ta zai tsawaita danshi ga amfanin da bai gama nuna ba, ya kuma taimaka wa tumatir da albasa da dankalin da ake sawa da kaka. Ruwan da aka hana gudu yakan ƙara wa gajerun rijiyoyin fadama ƙarfi, waɗanda dubban manoma suka dogara da su tun daga shirin bunƙasa fadama na farkon shekarun 1990.

Ba lallai ne sai an binne bututu ba. Yawancin gonakin gabashin Karolina ta Arewa ma buɗaɗɗun lambatu ne da su, masu tazarar kimanin mita 100. Kwalbati mai gurbin katako a baki, irin wanda magini da kafinta na gari za su iya haɗawa, ya isa ya yi aikin. Haka nan awon matakin ruwa ba ya buƙatar na'ura mai tsada: guntun bututun roba da aka huhhuda aka kafa a tsaye cikin gona ya wadatar, manomi ya riƙa zura kara yana duba inda ya jiƙe.

Abubuwan da ya kamata a kiyaye

Na farko shi ne maƙwabtaka. Manomin Amurka guda na iya mallakar duk filin da akwati ɗaya ke kula da shi. A Kura ko Jiratawa, lambatu ɗaya na iya ratsa gonakin mutum 20 ko fiye, wani da shinkafa wani da masara wani da barkono. Allon da ya yi wa ɗaya daidai zai iya kashe wa ɗaya shuka. Dole ne a samu yarjejeniya kan abin da za a shuka a kowane rukuni da wanda ke da ikon taɓa ƙofar, ko ta hannun ƙungiyar manoma ko sarkin noma da mai unguwa.

Na biyu, lafiya. Ruwan da ya kwanta a buɗaɗɗen lambatu a ƙasa mai zafi matattarar sauro ce da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Sakin ruwan lokaci-lokaci da nome ciyawar gefe na rage haɗarin.

Na uku, gishiri. Inda aka fara ganin fari-fari a saman ƙasa, ko ruwan ban-ruwan yana da zartsi, a nemi malamin gona ya auna ƙasar kafin a tare ruwa, kuma a ware lokacin da za a buɗe ƙofa a wanke gonar.

Na huɗu, sanin iyakar dabarar. An yi ta ne domin ruwan da ya sauka a kan gona da wanda ke ƙarƙashinta. Ba za ta tare kogin da ya tumbatsa ba, irin ambaliyar 2022 da ta hallaka sama da mutum 600 a Najeriya ta kuma shafe gonaki a Jigawa da wasu jihohi. A Karolina ta Arewa ma, lokacin guguwar Floyd a 1999 da ta Florence a 2018, ruwa ya shanye gonaki masu ƙofa da marasa ita.

Masana yanayi na hasashen cewa yankin Sahel zai ci gaba da ganin ruwa mai ƙarfi da ke sauka cikin ɗan lokaci, da kuma tsaiko a tsakiyar damina. Farashin taki da na man fetur kuma sun yi tashin da manomi ke jin zafin duk buhun da ruwa ya wanke da duk litar da inji ya sha. A irin wannan hali, tambayar da ke gaban hukumomin raya koguna da cibiyoyin bincike irin su na Samaru da ke Zariya ita ce wace fadama ce ta dace da ƙofa, a wane zurfi za a tsayar da ruwa ga kowace shuka, kuma wa zai riƙe allunan.